Waver ko Artoria? Ku ba ni shawara kafin in ɓata zaɓina na kyauta a FGO

Ɗan_Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah waɗanda suka daɗe suna buga gem ɗin nan na waya Fate/Grand Order (FGO) ku zo ku fitar da ni daga duhu, yau kwana huɗu kenan abu ɗaya nake ta juyawa a raina na kasa tsai da magana.

Ban fi sati uku da fara gem ɗin ba, kuma na Turanci nake bugawa ba na Japan ba. Shirin anime na Fate/Zero ne ya jawo ni, wani abokina ya tura min shi a waya na kalla har sau biyu, tun daga nan Saber wato Artoria ta kwanta min a rai, yadda take riƙe alƙawari ko da ita za ta cutu. Yanzu cikin babukan labarin na gama Fuyuki da Orleans da Septem, ina tsakiyar Okeanos. A kiran farko, wato juyin da ake yi a fitar da jarumi, Heracles na samu, sai Mash da ake ba kowa, da Cu Chulainn mai sanda da aka ba ni bayan Fuyuki, da Kiyohime da Boudica, sai ƙananan nan masu tauraro 1 da 2 da ke fitowa a kiran kyauta na Friend Point.

To matsalar ita ce zaɓin nan na kyauta, inda ake cewa ka ɗauki jarumi mai tauraro 5 guda ɗaya bayan ka gama Fuyuki. Har yanzu ban taɓa shi ba. Artoria tana ciki kuma ita zuciyata ke so, amma duk jerin matsayin da na duba a intanet, tiya lis ɗin nan, Waver suke ɗorawa a sama, ita kuma wani ya sa ta a A wani a B, wani a YouTube ma ko ambatonta bai yi ba. Na ari Waver na wani na gwada, wlh dukansa ko ƙwarangwal ɗaya baya kashewa, NP ɗinsa ma, wato babban makaminsa da ake saki in caji ya cika, ba na duka ba ne, to ta yaya wannan zai fi Artoria mai takobin Excalibur? Ko akwai abin da bana gani ne?

Sai na biyu, ina da duwatsun kiran jarumai 87, in juya su yanzu ko in ajiye? Na uku kuma Heracles ɗina kowa cewa yake dodo ne amma ni a wajena duka biyu uku jininsa ya ƙare. Nagode, Allah ya bar zumunci.


TsohonMaster ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina, sannu da shigowa. Tun 2018 nake kan gem ɗin nan, bari in yi maka bayani a tsanake, ka yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Kafin maganar Waver sai ka fara gane wa ake rubuta wa tiya lis. Masu rubuta shi mutane ne da suka gama labari tuntuni, abin da ya rage musu kullum shi ne noman kaya, su shiga fage ɗaya sau ɗari sau ɗari biyu a lokacin ibent. Shi ya sa ma'auninsu guda ɗaya ne, wa zai share sahu uku na abokan gaba a zagaye uku in an haɗa shi da manyan masu tallafi irin Castoria biyu ko Koyanskaya biyu da Oberon. Kai kuma baka da ko ɗaya a cikinsu. Kenan jerin amsar tambayar wani ne, ba taka ba. Mutumin da aka sa a S don yana maimaita NP da Castoria biyu, in ka kawo shi akawun ɗinka yau ba zai yi rabin abin da aka gani a bidiyo ba. Kuma ka tuna gem ɗin nan babu karawa tsakaninka da wani ɗan wasa, kai da kwamfuta ne kawai, ba wanda zai zo ya buge ka don jaruminsa ya fi naka matsayi.

Amma a kan Waver kam sun yi gaskiya, kuma ga dalili. Ba don duka ake ɗaukarsa ba. Sikil ɗinsa na farko yana zuba wa mutum ɗaya cajin NP kashi 30, na biyu ya ba kowa kashi 10 da ƙarin kariya, na uku ya ƙara wa kowa kashi 10 da ƙarfin duka. Ka haɗa, kashi 50 kenan a kan wanda ka zaɓa tun kafin a taɓa kati ko ɗaya. Abin da ya fi min daɗi a wajen sabon ɗan wasa shi ne cajin nan baya jiran ka ɗaga lebul ɗin sikil, ko a lebul 1 suke hamsin ɗin nan cif za ka samu, abin da kake buƙata kawai ka kai shi ascension na uku, wato ƙarin girma na uku, sikil ɗin duka su buɗe. Ka samu CE, wato katin da ake maƙala wa jarumi, mai ba da kashi 50 a farko, irin na ibent ko Dragon's Meridian in ka haɗa guda biyar, ka ɗora wa jaruminka, Waver ya cika sauran, zagayen farko ka saki NP. Kuma baya zaɓe, katunan duka kala uku ne, Castoria ta fi ƙarfi a katin shuɗi, Skadi a kore, Merlin da Koyanskaya a ja, shi kuwa kowa nasa ne. NP ɗin nasa da ka raina yana rage wa abokan gaba cajinsu, yana sauke musu kariya, wani lokacin ma ya daskarar da su, ranar da bos ya cika caji saura ƙiris ya share maka tim za ka san amfaninsa.

Ga wani lissafi kuma. A kowane faɗa mutum ɗaya tak ake ba ka damar ara. In Waver naka ne, gurbin aron nan ya zama naka ka ɗauko duk wanda fagen ke buƙata, yau Lancer gobe Rider, mai lebul 90 ko 100 na wani babban ɗan wasa. In kuma Artoria ce taka, kullum Waver za ka riƙa ara, ranar da aka kawo maka Archer kuwa ta zama 'yar kallo don rabin duka kawai take yi musu su kuma suna ninka mata.

Wannan ya kawo mu kan aji, wanda ya fi kowane tiya lis muhimmanci. Saber na cin Lancer, Lancer na cin Archer, Archer na cin Saber. Rider na cin Caster, Caster na cin Assassin, Assassin na cin Rider. Wanda ke da rinjaye dukansa ninki biyu ne, wanda aka rinjaya rabi. Mai tauraro 3 da ke kan ajin da ya dace sai ya yi abin da mai tauraro 5 a ajin banza ba zai yi ba. Heracles ɗinka Berserker ne, yana dukan kusan kowa ninki ɗaya da rabi amma shi ma kusan kowa ninki biyu yake masa, shi ya sa kake ganin jininsa na zuba kamar an huda jarka. Ba a sa shi a gaba haka kawai. Ko dai ka rufe shi da sikil ɗin Mash, ko ka ajiye shi a gurbi na ƙarshe a baya, in kowa ya faɗi ya fito shi kaɗai, lokacin katunansa ne kawai ke fitowa, jajaye uku yake da su, ka jera su ya ƙara da duka na huɗu. Yana da kaucewa ta zagaye ɗaya, yana da tashi bayan mutuwa, ka riƙa amfani da su ɗaya bayan ɗaya kar ka danna su tare. In Allah ya kai ka bond 10 da shi, wato matakin shaƙuwa na 10, za su ba ka CE ɗinsa Castle of Snow da ke tashinsa har sau uku, da shi mutane da yawa suka tsallake manyan bos na labari. Da sauran tafiya kafin nan amma ka riƙa sa shi a tim ko a baya ne, bond ɗin na taruwa.

Duwatsu kuma ka ajiye, wasu za su yi maka bayani.


Ɗan_Gwammaja ya rubuta:

Kai Yaya nagode sosai, wlh yanzu na fara gani. Amma akwai abin da ya tsaya min, ka ce ƙananan ma suna da amfani, ni kuma duk masu tauraro 1 da 2 da nake samu ciyar da su nake yi wa Heracles don ya hau lebul. Akwai wani mai baka Arash na samu kusan sau huɗu duk na ba shi ya cinye. Na yi asara ne?


TsohonMaster ya rubuta:

Ka yi, amma mai sauƙin gyara ce tunda Friend Point ne, zai dawo. Daga yau duk wanda ya fito maka sabo ka danna masa makulli, in an maimaita ka haɗa masa NP har ya kai 5. Ga abin da mutane basu lura da shi ba, NP na ja mai dukan kowa a mataki na 1 kashi 300 yake, a mataki na 5 kashi 500. Kai da ka samu mai tauraro 5 guda ɗaya a mataki na 1 zai zauna wataƙila shekaru, ƙananan nan kuwa cikin wata biyu ka cika su.

Arash ɗin da ka ciyar, ni da nake da masu tauraro 5 sun fi ashirin har yau shi nake fara sakawa in zan yi noma. Stella ɗinsa yana share sahun farko gaba ɗaya sai shi ma ya mutu, mutuwar tasa kuma riba ce don na baya ya shigo ba tare da ka ɓata komai ba. In ka gama masa ascension ka yi rank up ɗinsa, wato faɗan ƙara masa ƙarfi, zai samu sikil mai ba shi caji har kashi 30. Lebul 60 ne ƙarshensa, kos ɗinsa, wato abin da yake ci a adadin da aka ba ka na haɗa tim, 3 kacal, mai tauraro 5 kuwa 16 yake ci, kai da kos ɗinka bai taka kara ya karya ba yanzu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Spartacus ma haka, tauraro 1, yana da nasa cajin.

Waɗanda zan ce ka nema ka raina da gaske: Cu Chulainn mai mashi, ba mai sandan da aka ba ka ba, wannan baya mutuwa da wuri, yana kauce wa duka uku, yana tashi, yana warkar da kansa. Ushiwakamaru in ana son a kashe Caster guda ɗaya mai taurin kai. Hans Andersen tauraro 2, NP ɗinsa na warkarwa yana ƙara ƙarfi. Georgios ko Leonidas masu jawo duka kansu don a bar maka Heracles ya sha iska. Sai Euryale, ita kam ka fara tara mata kaya tun yanzu. In ka isa babin Camelot akwai Gawain a bakin ƙofa, nan ne gem ɗin ke daina wasa da mutum, na san mutane da yawa da suka ajiye shi a daidai wajen. Saber ne kuma namiji, ita Archer ce, NP ɗinta yana da ƙari na musamman a kan maza kuma tana ruɗa su su kasa motsi. Ni da ita da Mash da Waver na aro na wuce, a gwaji na shida, hannuna har zufa yake. Lokacin ina da mai tauraro 5 guda biyu, duka a benci suka kalli faɗan.

Ka duba kuɗin raino ma. Sikil ɗaya na mai tauraro 5 daga 1 zuwa 10 QP, wato kuɗin cikin gem, miliyan 54.4 yake ci banda kaya, na mai tauraro 3 miliyan 13.6. Kar ka ce sai ka kai 10, ka tsaya a 6 tukuna, a nan lokacin jiran sikil ke raguwa da zagaye ɗaya, sauran sai a hankali.


Ummi_Lancer ta rubuta:

Slm. Malam TsohonMaster duk abin da ka faɗa gaskiya ne ban musa ko ɗaya ba, amma ni dai ina da ja a kan hukuncin.

Ni ma an ce min Waver, kowa Waver, har na ɗauke shi. Ya yi min aiki ba zan ci amanarsa ba. Amma daga ranar da na samu Castoria sai ya koma benci, yanzu sai in yi wata ban taɓa shi ba. Artoria kuwa da ta zo min daga baya ba zato ina neman wani, ita na zuba wa Holy Grail, mai ƙara iyakar lebul, har lebul 100, ita ce a fuskar akawun ɗina, kuma saboda ita nake buɗe gem ɗin ko ranar da na gaji. Abin da masu jeri basa iya aunawa kenan. Gem ɗin nan ba na sati biyu ba ne, na shekaru ne, tun 2015 yake a Japan, na Turanci tun 2017, kuma yawancinsa karatu ne da maimaita fage ɗaya. In ba ka da wanda kake jin daɗin gani da jin muryarsa, wlh wata uku za ka goge shi, Waver ɗin da lissafin duka su tafi tare.

Kuma a daina yi wa Artoria kallon ta da. An gyara ta ba sau ɗaya ba, yanzu tana da cajin kanta har kashi 30, Excalibur yana mayar mata da wani cajin bayan ta sake shi, akwai sikil ɗin da ke mayar da katunanta duka jajaye na zagaye ɗaya. Cikin Saber masu dukan kowa ba ta jin kunyar kowa. Sai dai gaskiya ɗaya, yawancin gyaran nan a bayan rank up da interlude, wato ɗan labarin jarumin, suke, sabon ɗan wasa ba zai same su a satin farko ba, sai ya yi haƙuri.

Ƙanina ni shawarata, ka tambayi kanka wanne ne in ka bari zai riƙa damunka in ka kwanta. In ka san duk sanda ka ga Artoria a hannun wani ranka zai sosu to ka ɗauke ta kawai, labarin nan ana gama shi da ƙananan jarumai, mutane sun yi sun saka a YouTube kowa ya gani. Af, kuma kai da ka kalli Fate/Zero, ka gane Waver ɗin nan shi ne yaron nan mai rakiyar Iskandar ko? Shi ne ya girma ya zama Lord El-Melloi II. In ka kai shi ascension na uku ma siffar yarintar tasa yake komawa.


Ɗan_Gwammaja ya rubuta:

Aunty dan Allah da gaske?? Yaron da ya yi kuka a kan gada? Wlh ban gane shi ba saboda dogon gashin da sigarin, kuma sunan da na gani Zhuge Liang ne. Kai wannan ya canza min lissafi, wajen nan na gada sai da na tsayar da bidiyon na ɗan yi shiru.


Sarkin_Noma ya rubuta:

Ni duk ban bi ta inda kuka bi ba. Waver da Artoria duka suna cikin waɗanda ke iya faɗo maka kowane lokaci kana juya wani, ga Ummi ma ta faɗa da bakinta haka tata ta zo. Amma akwai waɗanda aka kulle da labari irin Cu Alter da Artoria mai mashi da Quetzalcoatl da Tesla, su basa faɗowa a allon ibent haka kawai sai an saka su. In don wahalar samu ne su ya kamata a ɗauka. Cu Alter na ɗauka kuma ban yi nadama ba. Sai dai shi mai tambaya yana da Heracles, aikinsu kusan ɗaya, to a wajensa ban ga dalili ba. Na faɗa ne don wani mai karantawa.

Kuma kar ka manta in ka zaɓa ka kai shi ascension na farko da bond 5, sannan yake zama naka na dindindin.


Abu_Maradi ya rubuta:

Salama alaikum. Ni maganar duwatsu zan yi don na ga an wuce ta da sauri, kuma a ganina ta fi zaɓin kyautan haɗari. Zaɓin kyauta ko wa ka ɗauka ba ka yi asara ba. Allon kira shi ne ramin.

Ɗan'uwa ka riƙe lissafin nan. Duwatsu 30 kira 11 ne. Damar fitowar mai tauraro 5 kashi 1 ne cikin 100 a kowane kira, wanda aka saka hotonsa a allo kuma 0.8. Duwatsunka 87 ko kira 33 basu kai ba. Ko da 300 ka tara, kira 110 kenan, in mutum goma suka yi haka wajen huɗu za su tashi hannu wayam. Tabbas ɗin samunsa da suka saka sai a kira na 330, wato duwatsu 900, kuma in allon ya wuce lissafinka ya goge, baya bin ka zuwa na gaba. To mai juya 30 yau 30 jibi a kowane allo da ya gani, shi kullum a farkon hanya yake.

Abin da ya taimake mu masu buga na Turanci, muna bayan na Japan da wajen shekara biyu, kenan kusan duk wanda zai zo an riga an san shi an san lokacinsa. Ka zaɓi mutum ɗaya ko biyu a shekara, ka fi ba masu tallafi muhimmanci irin Castoria, ka tara musu. Duwatsun kyauta suna zuwa, na shiga kullum, 30 duk kwana 50, guntayen aikin sati da ke haɗuwa su ba ka 3, tikiti biyar na shagon Mana Prism duk wata, ga na free quest da interlude da kai sabo ko taɓa su baka yi ba. In ka kame hannunka za ka sha mamakin abin da zai taru.

Yanzu abin da ya sa na yi dogon rubutu. Wannan kiran su suna ce masa gaca, mu kuma muna da caca, harafi ɗaya ne tsakani kuma ni a jikina na ji kusancin ya wuce na suna. Shekarar da Skadi ta fito ina da ɗan teburin cajin waya da sayar da kati a bakin kasuwa. Na juya duwatsuna na kyauta duka bata zo ba, sai zuciya ta ce saura kaɗan, na sayi na kuɗi, bata zo ba, na ƙara. Lokacin ma babu tabbas ɗin 330. Dare ɗaya, ina zaune kan benci bayan an tashi kasuwa, janareto a kashe, hasken waya kawai a fuskata, na cinye kuɗin da na ware na sarin kati na sati. Duk sanda zoben nan ya juya na ga ba zinariya ba sai cikina ya ƙulle in ce na ƙarshe, in sake. Da safe yaro ya zo sayen kati na ce babu, ban iya kallon idonsa ba. Sati uku ina biyan bashin wanda nake sara a wajensa. Kuma bata zo ba.

Ni ba malami ba ne ba zan ba da fatawa ba, mai son hukunci ya je ya tambayi malamai ya faɗa musu yadda abin yake ba ɓoye-ɓoye, kuɗi kake bayarwa a kan abin da baka san me zai fito ba. Ni dai tun ranar ban ƙara saka ko dala ba, kuma na gama Babylonia na gama Solomon na shiga Lostbelt da abin da gem ɗin ya ba ni. Skadi ɗin ma ta zo daga baya da tikitin kyauta da aka dawo da ita. Ɗan'uwa in ka ji zuciyarka na cewa saura kaɗan, ka kashe data ka tashi daga wajen.


TsohonMaster ya rubuta:

Allah ya mayar da alheri Malam Abu, ka faɗi abin da da yawanmu muka sani muke jin nauyin faɗa. Ƙanina ka karanta nasa sau biyu, ya fi nawa amfani.

Hajiya Ummi ban ƙi taki ba, nima akwai wanda na ba Grail don so kawai, Bedivere ne, tun ranar da na gama Camelot. Inda muka rabu shi ne lokaci. Ke kin ajiye Waver ne bayan kin samu Castoria, to tsakanin yau da ranar da yaron nan zai samu tasa wata nawa ne? A watannin nan ne zai haye London da Amurka da Camelot da Babylonia, nan ne ake buƙatar mai riƙe tim. Kuma ko bayan Castoria, in ana son caji ga mai jan kati ko a fagen da aji ya cakuɗe, ni har yau ina ɗauko shi.


Ɗan_Gwammaja ya rubuta:

To jama'a na yanke, Waver na ɗauka ɗazu bayan la'asar. Ba zan ɓoye ba sai da na buɗe hoton Artoria na daɗe ina kallo kafin in koma. Amma maganar gurbin aro ta zauna min, kuma tunda na san yaron gadan nan ne sai naji ba baƙo na ɗauka ba. Na zuba masa duk katin lebul ɗin da nake da su ya kai 40, yanzu kayan ascension nake nema. Na kulle duk ƙananan, Arash ɗaya ya dawo har da Georgios, Euryale dai shiru tukuna. Heracles na mayar da shi gurbin ƙarshe kamar yadda Yaya ya ce, na gwada a wani fage da ya kayar da ni sau uku jiya, kowa ya faɗi ya fito shi kaɗai da jajayen katunansa ya gama da su, saura jininsa bai kai dubu ba.

Malam Abu nagode da ka buɗe mana cikinka, wlh jiya da dare saura kaɗan in juya 87 ɗin nan. Suna nan ban taɓa ba, kuma na yi niyyar kuɗina ba zai shiga ba.


Ummi_Lancer ta rubuta:

Ma sha Allah, Allah ya sa albarka. To tunda haka ne zan saka Artoria tawa a gurbin Saber da CE mai caji, ka duba inbox na tura maka lambata ka aiko, ina da sauran wuri biyu. Ka danna mata sikil na uku, Waver ɗinka ya ƙara, ka ga Excalibur a zagayen farko.

Abu ɗaya da ba wanda ya faɗa maka, yau ɗin nan kafin ka kwanta ka shiga My Room ka fitar da transfer number, wato lambar dawo da akawun, ka saka masa password, ka rubuta su a takarda ba a cikin wayar ba. Ƙanwata an sace mata waya a mota, akawun na shekara biyu, bata taɓa fitar da lambar ba, ko ID ɗinta bata haddace ba balle ta rubuta wa masu gem ɗin su nemo mata. In ka taɓa amfani da lambar sau ɗaya ta mutu, sai ka sake fitar da sabuwa.


Ɗan_Gwammaja ya rubuta:

Na fitar Aunty, na rubuta a bayan littafina na ajiye a akwati. Na aiko miki, sunana a ciki Gwammaja ne da hoton Heracles. Yaya TsohonMaster in na samu Euryale zan dawo ka faɗa min wane sikil zan fara ɗagawa.